Gwangwanin Madarar Jarirai: Daga Craon Zuwa Kasuwar Mont-Bouët

Jama'a, duk wanda ya taɓa kai shanu ko kaya Libreville ya san yawancin abincin Gabon daga waje yake zuwa, ta tashar jiragen ruwa ta Owendo. Madarar jarirai ma haka. To, ku ji abin da ya faru a Disambar 2017.

An gano ƙwayar cutar salmonela a masana'antar kamfanin Lactalis da ke garin Craon a Faransa. Jarirai sama da 30 suka kamu a can. A Janairun 2018 shugaban kamfanin ya ce janyewar ta shafi gwangwani miliyan 12 a ƙasashe 83. Gabon na cikin ƙasashen da aka tura wa kayan. Abin mamaki, a Faransar ma wasu manyan kantuna sun amsa cewa sun ci gaba da sayarwa bayan an hana. Ina ga teburin ɗan tireda a Mont-Bouët?

Rufe masana'anta ɗaya kuma kan jawo ƙaranci. A 2022, da aka rufe ta Abbott a Sturgis, sai da jiragen sojan Amurka suka yi jigilar madara daga Turai.

Gabon na da hukumar AGASA, Nijeriya na da NAFDAC, amma kayan da suka bi ɓarauniyar hanya ba sa cikin rajistarsu. Ɗan kasuwa, duba lambar gindin gwangwani da ranar lalacewarsa kafin ka sara. Makiyayi, nonon saniya bai dace da sabon jariri ba. Wata shidan farko, nonon uwa ne.