Fita Daga Ƙungiya: Riba Ce Ko Faɗuwa?

Wani mai sauraronmu, falke daga Maraɗi, ya aiko da tambaya cewa: shin idan ƙasa ta fice daga ƙungiyar da ta haɗa ta da maƙwabtanta, gaba take ci ko baya?

To malam, madalla da wannan tambaya. Bari mu ba ka labarin ƙasar Mali, don ita ta ɗanɗana abin har sau biyu.

A watan Yuni na 1960, Mali da Senegal suka karɓi mulkin kai daga Faransa a matsayin tarayya ɗaya. Wata biyu kacal aka yi, rigimar shugabanci ta raba su. Shugaban Mali, Modibo Keita, ya fusata ya rufe iyaka, jirgin ƙasan da ke tsakanin Dakar da Bamako ya tsaya cik. Ga shi kuwa Mali ba ta da teku. Dole aka koma ɗauko kaya daga Abijan a manyan motoci, kuɗin dako ya hau. Sai a 1963 aka sake buɗe hanyar jirgin.

Na biyun ya fi shafar irinku 'yan kasuwa. A watan Yuli na 1962 Mali ta bar kuɗin sefa ta buga nata. Hujjar Modibo ita ce 'yanci bai cika ba muddin linzamin kuɗinka yana hannun wani, kuma maganarsa tana kan hanya. Amma fa sabon kuɗin ba ya sayen komai da zarar an tsallake iyaka. A cikin watan nan 'yan kasuwa suka yi zanga-zanga a Bamako, aka kama mutane da dama.

Gwamnati ta yi ta buga kuɗi don biyan bukatunta, ta kuma riƙe cinikin amfanin gona a kan farashi mai arha. Manomi da mai shanu ba wawaye ba ne. Sai suka riƙa sulalewa da kayansu zuwa maƙwabta inda za a biya su da sefa. A 1967 Mali ta koma ta daidaita da Faransa, aka karya darajar kuɗinta da rabi. A 1968 soja suka kifar da Modibo. A 1984 ƙasar ta dawo cikin sefa, ana ba da biyu a karɓi ɗaya.

Ka ga ke nan, malam, fita ba ta da wuya, sa hannu ne a takarda. Abin dubawa shi ne: bayan an fita, ta wace hanya kayanka za su bi, kuma da wane kuɗi za a biya ka? Ka lura, a watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun bar ƙungiyar ECOWAS, wato CEDEAO, amma ba su saki sefa a lokaci guda ba.

Da fatan ka gamsu. Allah ya ba da kasuwa.