Tarihin Barkono da Masu Haɗa Irinsa

Wanda ya ga yadda barkono ya zauna a ƙasar Hausa, har ba a ɗora tukunyar miya sai da shi, sai ya zaci tun fil azal a nan yake. Ashe baƙo ne. Asalinsa nahiyar Amurka, watau Meksiko da ƙasashen da ke kudu da ita, inda aka fara nomansa tun wajen shekara 6,000 da suka wuce. A cikin 1492 Kolumbus ya tashi daga Sifen da jiragen ruwa uku, yana neman hanyar Indiya, ƙasar kayan yaji. Bai isa Indiya ba, amma a tsibiran da ya sauka ya tarar mutane suna cin wani abu da ya fi masoro zafi. Ba a jima ba irin ya isa Turai, sa'an nan fataken Fotugal suka kai shi gaɓar Afirka ta Yamma da Indiya cikin ƙarni na 16. Kafin zuwansa, yajin mutanen ƙasashen nan masoro ne da kimba da citta.

Barkonon daji ɗan ƙanƙane ne ja, kamar tsiduhu, tsuntsaye kuwa ke watsa irinsa, gama su ba su jin yajinsa. To, ina aka samo tattasai mai faɗi, da shambo mai tsawo, da attaruhu mai ƙanshi? Manoma ne suka yi ta zaɓen ɗan da ya fi kyau suna ajiye ƙwayarsa, shekara da shekaru, ƙudan zuma kuma na taimakonsu ba su sani ba. Furen barkono da namiji da mace duk a cikinsa suke, saboda haka yawanci shi ke barbarar kansa. Amma idan zuma ta ɗauko garin furen wani ta kai wa wani, sai irin ya gauraya.

Wanda ya fara gane ƙa'idar wannan al'amari wani limamin Kirista ne, Giregor Mendel, a garin Burno ta ƙasar Cek ta yanzu. A ɗan lambun gidan ibadarsu ya shekara takwas yana haɗa irin waken Turawa. Ya ga 'ya'yan fari duk kamarsu ɗaya, amma a jikoki sai halin da ya ɓoye ya sake fitowa, ɗaya cikin huɗu. Ya buga bayaninsa a 1866, ba wanda ya kula, sai a 1900, bayan ya shekara 16 da mutuwa.

Tun daga nan aikin ya sauko hannun kowane mai haƙuri. Ba kamar auren mangwaro ba ne, da ake ɗaura reshe a jikin wani. Mai lambu yakan zaɓi furen da bai buɗe ba tukuna, ya sa matsefata ya cire 'yan sandunan namiji, ya lakato garin furen wani barkono dabam ya shafa wa macen, sa'an nan ya rufe da ɗan ƙyalle don kada zuma ta ɓata masa aiki, ya ɗaura zare don shaida. Ɗan da furen ya haifa ba ya sake kama, kamar na uwar yake fitowa. Sai an shuka ƙwayarsa za a ga abin da aka yi. Nan fa wahala take, domin jikoki sukan fito barkatai, wannan dogo, wancan gajere, wannan da yaji, wancan salam. Sai mutum ya yi ta zaɓe yana shukawa, sau bakwai ko takwas, kafin irin ya tsaya a kan hali ɗaya.

Wannan shi ne dalilin abin da yakan sami mai noman rani, wanda ya dasa tattasai kusa da shambo ya kuma ajiye iri daga nan. Su biyu gidansu ɗaya, haɗuwarsu ba wuya, yaji kuwa shi ke rinjaye a 'ya'yan fari. Baɗi sai ya ga tattasansa ya tsuke ya yi zafi, ya ce an cuce shi, alhali kuwa zuma ce. Haka kuma irin kanti da aka haɗa: shekarar farko ya yi kyau, amma wanda ya ajiye ƙwayarsa jikoki zai girba.

Da zafi ya zama abin gasa, sai aka bukaci mudu. A 1912 wani mai haɗa magunguna a Amurka, Wilbur Scoville, ya ƙago shi. Akan jiƙa barkono, a yi ta ƙara ruwan sukari har masu ɗanɗanawa su daina jin yaji, yawan ruwan da aka ƙara shi ne lissafinsa. Yanzu na'ura ke awon, amma sunansa bai ɓace ba. A wannan mudu dangin attaruhu sukan kai daga 100,000 zuwa 350,000. A 2007 littafin Guinness, mai rubuta abin da ya fi kowane a duniya, ya ba wani barkonon Asam ta Indiya sarauta, don ya wuce miliyan ɗaya. Masu lambu suka ce da wa Allah ya haɗa su. A 2011 kaɗai sarautar ta sake hannu sau uku. Ɗaya daga cikinsu, Naga Viper na wani mutumin Ingila, gamin iri uku ne, amma an yi gaggawa, irin bai tsaya ba.

Wanda ya fi su naci shi ne Ed Currie, a jihar Karolina ta Kudu a Amurka. Ba malamin gona ba ne, a bayan gidansa ya fara, don sha'awa. Ya haɗa wani barkonon Pakistan da wani dangin attaruhu na tsibirin San Binsan, ya yi ta zaɓe shekaru, har ya sami wanda ya kira Carolina Reaper, ja mai ƙuraje da ɗan wutsiya kamar na kunama. Aka ba shi sarauta a 2013, awonsa ya wuce miliyan ɗaya da rabi. Shi ne kuma ya tuɓe kansa a 2023 da wani sabo, Pepper X, mai 2,693,000, wanda ya ce shekara goma ya yi a kansa. Irin da ya tsaya kuwa ba ya da makulli, duk wanda ya sami ɗa guda ya sami gona. Mutane da yawa sun yi kuɗi da na farkon ba tare da ya ga ko anini ba, saboda haka ranar da aka naɗa na biyun ya ƙi sayar da ƙwayarsa, sai dai miyar yaji da aka yi da shi a kwalba.