Yadda Majinyata Suka Rage Faɗin Wuƙar Likita: Tarihin Sankarar Mama

Masanin tarihin Girka, Herodotus, ya ba da labarin Atossa, matar Sarki Darius na Farisa, wadda wani ƙullutu ya fito mata a mama kimanin shekaru 500 kafin haihuwar Annabi Isa. Kunya ta sa ta ɓoye shi, sai da ya girma ya bazu sannan ta aika aka kira mata likita. Masana sun yi saɓani a kan ko ƙullutun sankara ne ko ƙurji, amma ɓoyon da ta yi ya zama ɗabi'ar da ta bi wannan cuta tsawon ƙarnuka. Tun kafin zamaninta ma, wata takardar likitanci ta tsohuwar Masar, wadda aka rubuta wajen shekaru 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, ta siffanta kumburi mai tauri a ƙirji, ta kuma yanke hukuncin cewa ba shi da magani.

Ba kunya kaɗai ke sa mata yin shiru ba, har da tsoron abin da za su tarar a hannun likita. A shekarar 1811, a birnin Paris, an yanke wa marubuciyar Ingila Fanny Burney mama tana farke, domin a lokacin ba a san maganin sa barci ba. Ta rayu har zuwa 1840, wasiƙar da ta rubuta wa 'yar'uwarta game da wannan rana kuwa tana cikin tsofaffin bayanan da aka samu daga bakin majinyaciya kanta.

Da maganin sa barci da tsabtace kayan aiki suka samu, sai tiyata ta faɗaɗa. William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya yi imani cewa cutar tana rarrafawa ne sannu a hankali daga mama zuwa naman da ke kewaye da shi, don haka gwargwadon faɗin yanka, gwargwadon tsira. A 1894 ya wallafa sakamakon aikinsa a kan mata 50: yana cire mama gaba ɗaya, da tsokar ƙirji da ke ƙarƙashinsa, da ƙwayoyin kaluluwa na hammata. Aikin ya rage dawowar cutar a wurin da aka yanka ƙwarai da gaske. Sai dai yakan bar mace da ramin ƙirji, da hannu mai kumburi wanda sau da yawa ba ya ɗaguwa sosai. Kusan shekaru 80 wannan tiyata ta yi tana mulki.

A tsakiyar ƙarni na 20 an ƙara mata wata al'ada. Akan sa mace barci don a ɗebi ɗan nama a gwada, idan gwajin ya nuna sankara sai a zarce da yanka nan take, ba tare da an tashe ta ba. Takan san sakamakon ne idan ta farka ta taɓa ƙirjinta.

Daga nan ne majinyata suka fara magana. Terese Lasser, wadda aka yi wa irin wannan tiyata a New York a farkon shekarun 1950, ta farka ta ga babu wanda zai gaya mata yadda za ta motsa hannunta, ko abin da za ta sa, ko yadda za ta fuskanci mijinta. Sai ta fara zagaya asibitoci tana ziyartar matan da aka yi wa aiki, domin su ga wadda ta bi ta wannan hanya tana tafiya da ƙafarta. Wasu likitoci sun ɗauke ta mai katsalandan. Shirin nata, Reach to Recovery, ya ci gaba har ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka ta karɓe shi a 1969, daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama.

A watan Satumba na 1974 aka yi wa Betty Ford, matar shugaban Amurka, tiyata, ta kuma amince a sanar da jama'a. Makonni kaɗan bayan haka aka gano cutar a jikin Happy Rockefeller, matar wanda aka zaɓa mataimakin shugaban ƙasa. Mata suka yi tururuwa zuwa asibitoci neman gwaji. A wannan shekarar ce kuma 'yar jarida Rose Kushner ta ji ƙullutu a jikinta, ta ƙi yarda a haɗa gwaji da yanka a barci guda. Sai da ta sha yawo kafin ta sami likitan da ya amince. Ta rubuta littafi a 1975, ta shiga tarukan likitoci tana yi musu tambayoyi, har a 1979 wani kwamitin ƙwararru na gwamnatin Amurka, wanda take ciki, ya ba da shawarar a raba matakan biyu, a bai wa mace lokacin tunani da zaɓi.

Bincike ya zo ya mara wa matan baya. Bernard Fisher na Pittsburgh ya yi hasashen cewa ƙwayoyin cutar kan bi jini su tafi nesa tun da wuri, saboda haka ƙara faɗin yanka ba ya ƙara tsawon rai. A 1981 Umberto Veronesi na Milan a Italiya ya wallafa gwajin da ya yi a kan mata 701 masu ƙullutun da bai wuce santimita 2 ba: waɗanda aka cire wa sashe kawai aka bi da gashi da na'ura sun rayu daidai da waɗanda aka yi wa tiyatar Halsted. Fisher ya tabbatar da irin wannan sakamako a 1985. A wannan shekarar aka fara keɓe lokaci a watan Oktoba don wayar da kai, ƙyallen nan mai ruwan hoda kuma ya yaɗu daga 1992.

Akwai sharaɗi guda a cikin wannan nasara: ƙaramin ƙullutu ne ake iya cirewa a bar mama. A nan tarihin ya taɓa Najeriya. Binciken asibitocin koyarwa ya sha nuna cewa mafi yawan mata suna zuwa ne cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu, kuma cikin dalilan da ake ambata akwai tsoron yanke mama, da tsadar magani, da watannin da ake ɓatawa wajen masu maganin gargajiya. Tsoron wuƙa kan jawo jinkiri, jinkirin kuma shi ke tilasta babbar wuƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 90 cikin 100 na masu cutar suna kai shekaru 5 a raye bayan an gano ta, a Afirka ta Kudu kuwa kashi 40 ne.

Hanyar da Lasser ta buɗe ta iso nan ma. Betty Anyanwu-Akeredolu ta kafa ƙungiyar BRECAN a Ibadan a 1997 bayan ta yi jinyar cutar, Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu kuwa, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, an zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, UICC, a 2024. Amma a gidaje da yawa shawarar zuwa asibiti tana hannun miji ko iyaye, kuma su ne za su biya kuɗin mota da na gwaji. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Matar da ta san mijinta ba zai juya mata baya ba, 'yan'uwanta kuma za su zauna da ita a layin asibiti, ita ce ke faɗin abin da ta ji a jikinta tun yana ƙarami.