A'isha Falatiya da Ma'aunin Gwaninta

Hausawan gabashin Sudan, daga Gadarif har Kasala, akasarinsu zuriyar mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka. A cikinsu aka haifi A'isha Musa Ahmad a Kasala, wadda aka fi sani da A'isha Falatiya. Mahaifinta malami ne, a makarantar allonsa harshenta ya fara gogewa da karatun Alƙur'ani. Da ta soma waƙa a gidajen biki bai yarda ba, har ya aurar da ita don ta daina. Auren ya mutu, waƙar ta ci gaba.

A 1942 ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a Rediyon Omdurman, zamanin da ake ganin hakan abin kunya ne ga 'ya mace. Ta yi wa sojojin Sudan waƙa a Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma rera da Larabci da Hausa.

Masu zaƙin murya suna da yawa. Abin da ya ɗaga A'isha sama da su shi ne horon ƙuruciya, da iya shiga zuciyar masu harsuna biyu, da jure zargi har jama'a suka sauya ra'ayi. Ta rasu a 1974, bayan mata da dama sun bi sawunta.