Yadda Aka Koya wa Na'ura Jiran Maɓalli

Ɗalibin fannin lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, da mai gyaran rediyo a Digil da ya fara taɓa allon lantarki na Arduino, wuri guda suke tuntuɓe. Za a danna maɓalli sau ɗaya, na'ura ta ƙirga uku ko bakwai. Ƙarafan da ke cikin maɓallin ne ba sa haɗuwa su tsaya cak, sai sun yi ta tsalle na lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ƙwan fitila bai san an yi ba. Shi kuwa Arduino Uno, da agogonsa ke bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa, kowane tsalle sabuwar dannawa ce a wurinsa.

Matsalar ta girmi kwamfuta. Injiniyoyin tarho sun sha fama da ita, har aka riƙa ƙera makunnan da aka jiƙa bakinsu da zaiba don ƙarfen ya kama lokaci guda. A 1934 wani ɗalibi a Amurka, Otto Schmitt, yana nazarin yadda saƙo ke bin jijiyar wata dabbar teku, ya ƙirƙiro da'irar da ba ta sauya matsayi sai wuta ta haye iyaka sosai. Da aka haɗa ta da kapasita da resista, tsallen ya daina kaiwa ciki. Daga baya kamfanin Motorola ya fitar da da'irar MC14490, wadda aikinta ke nan kawai.

Sai dai kowane ƙarin kaya kuɗi ne. Da ƙananan ƙwaƙwalen lantarki suka shigo kasuwa, TMS1000 a 1974 da Intel 8048 a 1976, sai masu ƙera kaya suka mayar da aikin cikin manhaja. Ba kowa ya dace ba: kwamfutar TRS-80 ta 1977 ta yi ƙaurin suna wajen ninka haruffa, sai da aka fitar da manhajar gyara.

Dabarar ba ta canja ba har yau. In maɓalli ya motsa, a jira ya natsu, sannan a yarda da shi. Misalin da ke zuwa da manhajar Arduino yana jiran kashi 50 cikin 1,000 na daƙiƙa. Masu koyo da yawa sukan tsayar da komai da umarnin delay, wanda a ganina lalaci ne, domin na'urar makancewa take yi a lokacin. Ka ƙirga lokacin da umarnin millis, kuma ka gwada maɓallin bayan ya sha ƙurar hunturu, kafin ka kai wa mai shi.