Kaburburan Mutanen Dā a Duwatsun Azbin

A arewacin Jamhuriyar Nijar, bayan birnin Agadas, akwai duwatsun Azbin, inda tarihin baka ya ce daga can Gobirawa suka gangaro kudu. Matafiyi a wannan ƙasa yakan ga tarin duwatsu a gindin tsauni ko a bakin ƙorama, wasu a kewaye, wasu kamar jinjirin wata. Buzaye suna kiransu idebnan. Kaburbura ne na mutanen da suka zauna a wurin tun kafin zuwan Musulunci, wasunsu sun haura shekara 4,000.

A wancan zamani Sahara ba ta bushe kamar yau ba. Akwai tafkuna da ciyawa, mutane suna kiwon shanu. Idan mutum ya rasu, sai a lanƙwashe ƙafafunsa, a kwantar da shi a gefe ɗaya, a jibga duwatsu a bisansa. A Iwelen, masanan Faransa Jean-Pierre Roset da François Paris sun yi tono a shekarun 1980, suka sami kaburbura da tukwane da kan mashi na tagulla, ga kuma zane-zane a jikin duwatsu. Mutanen nan ba su bar littafi ba, kaburburansu su ne shaidarsu.

A 1988 gwamnatin Nijar ta keɓe wani yanki na Azbin da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, amma saboda namun daji da itatuwa ne. Da tawaye ya ɓarke, aka mai da shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari a 1992. Sai a 1997 aka kafa dokar kare kayan tarihi, wadda ta hana tono ba da izini ba.

To, amma doka tana Yamai, kaburbura suna daji. Wanda ya tone kabari don neman dukiya, ƙashi da tsingaro zai tarar, kuma ya ɓata yadda aka jera su, alhali daga jerin ne masani ke gane zamani da al'ada. Abin da ya tsare su shekaru dubbai shi ne girmamawar makiyaya, waɗanda ke ratsawa da raƙumansu ba tare da sun ɗaga dutse ba. Muddin aka haɗa kai da su aka koya wa yara darajar wurin, dokar za ta yi aiki.