Yini Ɗaya a Duwatsun Daulatabad da Elora na Ƙasar Indiya

Gabatarwa

Shekaru kaɗan kafin in yi ritaya daga aikin gwamnati, an tura mu wani kwas na aikin ruwa da noman rani a birnin Aurangabad da ke jihar Maharashtra ta ƙasar Indiya, wanda a shekarar 2023 aka sauya masa suna zuwa Chhatrapati Sambhajinagar. Wata ranar Lahadi da ba mu da aji, mu da muka zo daga Nijeriya muka haɗa kuɗi muka ɗauki hayar ƙaramar bas domin mu kai ziyara wasu duwatsu da ke arewa maso yammacin birnin. Tun a daren Asabar gardama ta tashi, domin dattijon cikinmu, wanda muke kira Alhaji, ya ce shi zai je ganuwa da maƙabarta, amma ƙafarsa ba za ta taka ɗakin gumaka ba. Wannan gardama ce ta sa na rubuta wannan ɗan tarihi, saboda tambaya ce da ke gaban duk malamin da ke koyar da tarihi a ƙasarmu.

Daulatabad

Zangonmu na farko shi ne Daulatabad, kimanin kilomita 15 daga birni. Dutse ne tsayayye mai tsawon kusan mita 200, an sassaƙe gindinsa ya yi sumul, sannan aka haƙa masa gwalalo a cikin dutsen. Ba a kai wa ga ƙololuwarsa sai ta wata hanya mai duhu da aka fafe a cikinsa, mai lungu-lungu, don a ruɗar da abokan gaba. Asalin sunansa Devagiri, hedikwatar sarakunan Yadava mabiya addinin Hindu, wanda Ala'uddin Khalji ya kai masa hari a 1296.

A shekarar 1327 Sarkin Delhi Muhammad bin Tughluq ya mayar da wurin hedikwatarsa, ya raɗa masa suna Daulatabad, ya kuma tilasta wa manyan Delhi da malamanta su taso su yi tafiyar fiye da kilomita 1,000. Dalilinsa shi ne wurin yana tsakiyar daularsa, kuma yana nesa da hare-haren Mongol. Mutane da dama sun halaka a hanya, kuma ba a cika shekara goma ba ya janye umarnin. Ibn Baɗuɗa, wanda ya yi wa wannan sarki alƙalanci a Delhi, ya bi ta Daulatabad, har ya ba da labarin manyan ɓeraye da ke cikin kurkukunta. Shi ne dai matafiyin da ya iso Takedda a 1353, ya ambaci Gobir da Barno cikin ƙasashen da ake kai wa tagullar garin. Da na tuna haka a kan matakalar dutsen, sai na ji wurin ya rage mini baƙunta.

Khuldabad

Daga nan muka haura zuwa Khuldabad, inda muka yi sallar Azahar. Garin cike yake da ƙaburburan shehunnan ɗariƙar Chishtiyya waɗanda suka zo daga Delhi a wancan ƙarni, irin su Burhanuddin Gharib da Zainuddin Shirazi. Ƙaurar da ta ci rayuka, ita ce kuma ta ƙara kafa Musulunci a wannan yanki. A harabar Shehu Zainuddin ne aka binne Sarki Aurangzeb da ya rasu a 1707. Mutumin da ya mulki kusan dukkan Indiya, ga ƙabarinsa nan na ƙasa, babu rufi a kansa, kamar yadda ya yi wasiyya.

Amma ƙabarin da ya fi tsayar da mu shi ne na Malik Ambar. An haife shi a Habasha wajen 1548, aka sayar da shi bawa yana yaro, ya bi ta Bagadaza har ya iso Indiya. Bayan ya sami 'yanci ya tara runduna, ya zama mai riƙon sarautar Ahmadnagar, ya hana sarakunan Mughal, wato Akbar da ɗansa Jahangir, sakat. Shi ne ya kafa garin Khadki a 1610, wanda daga baya ya zama Aurangabad, ya kuma jawo masa ruwa daga duwatsu ta magudanan ƙarƙashin ƙasa. Ya rasu a 1626. Mu da muka ƙetare teku don koyon aikin ruwa, ashe garin da muke karatu a cikinsa baƙin mutum ɗan Afirka ne ya fara shayar da shi.

Elora

Gangarawa kaɗan daga Khuldabad sai ga Elora, kimanin kilomita 30 daga birni. A nan akwai kogo 34 da aka fafe a jikin dutse a jere, tsawon kusan kilomita biyu, tsakanin ƙarni na 6 da na 10 Miladiyya: 12 na mabiya Buda, 17 na mabiya Hindu, 5 na mabiya Jain. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1983.

Mafi girma shi ne na 16, wanda ake kira Kailasa, da ake dangantawa da Sarki Krishna na Ɗaya na daular Rashtrakuta a ƙarni na 8. Ba gina shi aka yi ba. Masassaƙa sun faro daga saman dutse suna saukowa, da guduma da ƙarfen sassaƙa, suna cire abin da ba sa so, har ya rage ɗakin bauta mai hawa-hawa, da ginshiƙai, da jerin giwaye kamar su ne ke ɗauke da shi. An ƙiyasta dutsen da aka kwashe ya kai tan 200,000. Mai gini idan ya yi kuskure yana iya rushewa ya sake. Waɗannan kuwa idan suka wuce gona da iri a sama, shi ke nan. Na ga gumaka da yawa an fasa musu fuska, wanda ake dangantawa da zamanin mulkin Musulmi. Duk da haka wurin ya tsaya, alhali sarakunan Musulmi sun yi ɗaruruwan shekaru suna mulki a maƙwabtansa, shehunnai kuma suna kwance a dutsen da ke bisansa.

Alhaji ya cika alkawarinsa, bai shiga ba. Da na fito na ce masa, "Alhaji, akwai hanya ta gefen dutse, daga sama ana ganin komai ba sai an shiga ba." Ya ce, "To Malam, wannan kam zan iya." Muka hau tare. Ya daɗe yana leƙen ramin, sannan ya ce, "Ban yarda da abin da suka bauta wa ba, amma wanda ya fara sarar nan ya san aikinsa." Har muka koma masauki bai sake tayar da gardamar ba, ni ma ban tayar ba.

Kammalawa

Abin da na ƙaru da shi a wannan yini shi ne, ba a fahimtar Daulatabad da Khuldabad sai an san mutanen da Musulunci ya tarar a wurin, su wane ne, kuma me hannunsu ya iya. Haka abin yake a gida. Malamin da ya hau Dutsen Dala da ɗalibansa bai isa ya tsallake labarin Barbushe da Tsumburbura ba idan yana son su gane abin da ya faru a zamanin Sarki Yaji da zuwan Wangarawa. Sanin abin da mutanen da suka bauta wa daban ne da bauta masa. Ina roƙon malamai su riƙa ware rana guda a kowane zangon karatu su kai yara dutse ko kufai mafi kusa da su, tare da dattijon da ya san labarinsa, tun irin waɗannan dattawa suna raye. Allah ya sa mu amfana.